Ceto kyauta ne, to me ya kai shi kasuwa?

Karatun yau: Afisawa 2:8-10, Yakubu 2:14-26

Da yawanku a Kasuwar Ƙofar Ruwa kuke neman abinci. Wasu suna da shagon rodi da siminti, wasu kayan gyaran mota, wasu kuma yaran shago ne. A cikin kasuwar nan nake so mu duba wata tsohuwar tambaya: da bangaskiya ake samun ceto, ko da ayyuka nagari?

Manzo Bulus bai yi kwana-kwana ba. Ya koya wa Afisawa cewa ceto baiwar Allah ce, ta wurin alheri, ana karɓarta da bangaskiya, don kada kowa ya sami bakin fahariya. Ku tuna ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23. Hannuwansa a kafe suke, bai iya ba da sadaka ko mayar da abin da ya sata ba, amma a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi.

Ɗan Adam dai yana son ciniki, har da Allah. A 1517, a ƙasar Jamus, wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo yana sayar da takardun sassaucin hukuncin zunubi, wani kaso na kuɗin kuwa na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma. Abin da ya sa Martin Luther ya tashi a Wittenberg ke nan. Kada mu yi saurin yi musu dariya. Idan aka ce maka ka sa "iri" a ambulan domin sama ta buɗe, kai kuma ka sa da zuciyar mai biyan kuɗin kaya, kasuwar Tetzel ce ka shiga, sai dai an sake mata fenti. Ba da ushiri da baiko abu ne mai kyau, ina kuma ƙarfafa ku a kai. Amma jinin Yesu ba shi da farashi.

To, a nan ne wasu suke zamewa ta ɗaya gefen. Sai ka ji mutum yana cewa, tunda alheri ya rufe kome, abin da nake yi a shago tsakanina da aljihuna ne. Ran Lahadi yana magana da harsuna, ran Litinin magini ya nemi rodi mai milimita 12, ya miƙa masa wanda bai kai ba a kan kuɗin mai 12. Ko a farke buhun siminti mai kilo 50, a rage, a sake ɗinkewa. Na san yawancin 'yan kasuwa ba sa haka, Kirista da Musulmi. Amma wanda yake yi, ya sani rodin nan zai shiga cikin dekin, a zuba kankare a rufe shi, ba mai sake ganinsa, yaran wani kuma za su kwanta a ƙarƙashinsa. Irin wannan bangaskiya ce Yakubu ya kwatanta da gawa. Ya ma tuna mana aljanu sun san Allah ɗaya ne, sanin bai cece su ba.

Luther kansa bai ji daɗin wasiƙar Yakubu ba, a 1522 ya rage mata daraja a gabatarwarsa ga Sabon Alkawari. A nan ban bi shi ba. Bulus da Yakubu duka Ibrahim suka kafa hujja da shi, sai dai kowa da lokacin da ya fi dubawa. Bulus ya tsaya a Farawa 15, inda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah tun ba a haifi Ishaku ba, aka lasafta shi mai adalci. Yakubu ya kai mu Farawa 22, shekaru da yawa bayan haka, sa'ad da ya hau dutse da yaron. Hawan dutsen bai sayo masa adalci ba, ya dai fito da abin da ya daɗe a zuciyarsa fili. Bulus ma, a aya ta 10 da muka karanta, ya ce an sake halittarmu ne domin ayyuka nagari da Allah ya riga ya shirya.

Akwai kuma maganar shaida. Maƙwabcinka na shago, wanda yake rufe ƙofa ya tafi sallar azahar, wataƙila ba zai taɓa buɗe Afisawa ba. Abin da ya sani game da Yesunka, daga awonka da alkawarinka da yadda kake biyan yaron shagonka ya samo shi.

Ku dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Luka 19. Yesu ne ya fara kiransa ya sauko daga itace, ya shiga gidansa tun bai gyara kome ba. Bayan haka ne Zakka ya miƙe ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ba wanda ya tilasta masa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan Ruhu Mai Tsarki ya kawo maka sunan wani magini ko mai gida yayin da kake karanta wannan, lambarsa tana cikin wayarka. Kira shi kafin a zuba dekin.