Hatimi da Shahada a Kan Kayan Gini

Tun shekarar 1978, sa'ad da Jamus ta fara buga hatimin nan mai suna Blauer Engel a kan hajojin da aka tabbatar ɓarnarsu ga muhalli ba ta kai ta takwarorinsu ba, kayan gini suka soma rabuwa gida biyu a kasuwannin Turai, ga fenti da katako masu hatimi, ga kuma na yau da kullum. Mas'alar da ta cancanci nazarin malamai kuwa ita ce, shin wannan hatimi yana sauke wa mai saye nauyin amanar ƙasa da Allah ya ɗora wa ɗan Adam, ko kuwa da sauran magana?

Hatimi dai shahada ce, fuƙaha'u kuma sun daɗe da sharɗanta cewa ba a karɓarta sai daga adali wanda aka yi wa tazkiyya, wanda ba ya faɗin abin da bai gani ba. Idan hukumar da ta buga shi ba ta da wata maslaha a wurin mai masana'anta, to hujja ce abar dogaro, domin ba kowa ke iya zuwa dajin da aka sari itace ya duba ko an dasa madadinsa ba. Amma idan attajiri ne ya zana ɗanyen ganye a jikin buhunsa don ya ƙara kuɗi, wannan algus ne, kuma haramcinsa bai ɓuya ga kowa ba. Ko shahadar gaskiyar ma tana da iyaka, tun da siminti, wanda sai an gasa dutse da zafin kusan digiri 1450 kafin a same shi, yana fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da mutane ke saki, hatimi kuwa ba ya cewa ɓarnar ta gushe, cewa yake ta ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raina abin da ba shi da takarda. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, har ya sami lambar Aga Khan a 1986, ba a taɓa buga wa tubalinsa hatimi ba, alhali kuwa ba a ƙona komai wajen yinsa ba. Sai dai ginin ƙasa ma bai kuɓuta daga hisabi ba, saboda azarar da ke riƙe da soro daga giginya take, giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga masu sara da yawa, masu dasawa kuma ƙalilan.