Wa Ke Da Ikon Raɗa Wa Baƙo Suna?

A shekara ta 1977 gwamnatin Amurka ta tsai da suna ɗaya, wato "Hisfanik", domin mutanen da tushensu ke ƙasashen da ake jin Sifaniyanci. Daga 1997 aka ƙara masa "Latino". Ƙidayar 2020 ta sami mutum wajen miliyan 62 a ƙarƙashin wannan suna.

Amma wanda ya taso daga Meziko ko Kyuba bai san kansa da wannan suna a gida ba. Sai da ya ƙetare iyaka aka gaya masa. Haka yake faruwa a zangon Kumasi, inda mutanen gari sukan kira Bazabarme da Babarbare duk Hausawa. To, daidai ne a raɗa wa babban mutum suna ba a tambaye shi ba?

Sunan yana da amfani, kada a yi musu. Shugabannin waɗannan baƙi su ma sun nemi a ƙidaya su tare, gama wanda ba a ƙidaya ba, ba a tunawa da shi ran rabon makarantu da asibitoci da kujerun majalisa. Tsintsiya sai a ɗaure take shara.

Duk da haka akwai wanda sunan yake dannewa. Ga mutumin ƙabilar Maya daga duwatsun Gwatamala, wanda harshen uwarsa Mam ne. Sifaniyanci harshen waɗanda suka ci kakanninsa da yaƙi ne, wataƙila ma kaɗan yake ji. Ya iso Amurka, an rubuta shi Hisfanik. In ya tsaya gaban alƙali yana neman mafaka, aka kawo masa tafinta na Sifaniyanci, sai ya riƙa gyaɗa kai ga maganar da bai gane ba, alhali zamansa ko korarsa na rataye a kanta. Ba wanda ya nufe shi da mugunta. Laifin kuwa yana nan: an gaskata takarda, ba a tambayi mai ita ba.

Su kansu baƙin sun nuna abin da suke so. Da cibiyar bincike ta Pew ta tambaye su a 2019 da wane suna suka fi kiran kansu, kusan rabi suka ce da sunan ƙasar da iyayensu suka fito.