Tukunyar da Ta Ɓaci: A Zubar ko A Sayar?

'Yar uwa, wannan tambayar a tsakar gidan maƙwabciyata na tsince ta. Baiwar Allahn nan sabulun wanki take haɗawa da soda da man alayyadi, in ya daskare ta yayyanka, yara su kai shaguna. Ran nan na leƙa aron rariya, sai na tarar da ita ta zabga tagumi a gaban sabulu ya kai sanda 40. Soda ce ta yi yawa. Tsumma ɗaya ta wanke da shi, hannunta ya yi jawur kamar ta tsoma a tafasasshen ruwa. Jarinta kaf yana ciki, ga zubin adashi ranar Juma'a. Ta dube ni ta ce, "Yaya, in na cakuɗa shi da mai kyau, uku-uku a kowane kwali, wa zai gane?"

Ban iya ce mata komai nan take ba, don wadda ba kuɗinta ne a tukunya ba bakinta da saurin wa'azi. Amma na kwana da maganar, don na san irin tambayar da manaja ke yi wa kansa ke nan a manyan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, sai dai shi tukunyarsa ta kai girman ɗaki.

Mai ƙaramar sana'a kunya ce ke tsare mata ingancin kayanta. Mai saye ta san ƙofar gidanta, za su haɗu a biki, za su haɗu a suna. To amma kunya ba ta awo. Yau an ɗebi soda da gwangwanin madara, gobe gwangwanin ya ɓata an ɗeba da kofi, sauran kuma a ce ido ya saba. Shi ya sa kayanmu na gida yau daɗi, gobe sai a hankali, alhali ba mugunta aka nufa ba.

Shi kuwa babban kamfani, wanda ya haɗa kayan har ya mutu ba zai ga fuskar wadda ta yi amfani da su ba, don haka aka maye gurbin kunya da tsari. Akwai sikeli, akwai rubutaccen ma'auni, akwai ɗakin gwaji da ake duba kayan haɗi kafin a zuba, a kuma duba abin da ya fito. Ɗauki kwalbar magani ki juya ta, ban da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, za ki ga ranar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa, da wata lamba ta rukunin da aka haɗa tare. Amfaninta, in an gano matsala a san waɗanda za a janye daga kasuwa.

Da can na ɗauka inda duk aka tara wannan tsarin, to an gama. Sai ga abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008. Kamfanin Sanlu yana cikin manyan masu madarar jarirai a can, ga injuna ga takardun shaida. Masu kawo madara suna tsinka ta da ruwa, sannan su barbaɗa wani sinadari, melamin, wanda ke ruɗar na'urar gwaji ta nuna madarar mai ƙarfi ce. Jarirai 6 suka rasu, kusan 300,000 suka kamu da ciwo, galibi na ƙoda. Abin da ya fi ci min rai, koke-koken iyaye sun isa kamfanin watanni kafin a janye madarar. An sani, aka ci gaba da lodi.

A ƙarshen wannan shekarar dai mu ma muka ga namu. Maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, na wani kamfani a Legas, an haɗa shi da sinadarin da bai dace ba, irin wanda ake sawa a man birkin mota, an sayo shi daga hannun ɗan kasuwa marar lasisi. Yara 84 suka tafi, Allah ya jiƙan su. Da an gwada wannan jarkar kafin a juye ta, da uwaye nawa ne ba su yi kuka ba? A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowanne.

Nan ne tunanina ya tsaya. A gidan maƙwabciyata, in sabulu ya ƙona hannu an san mai laifi, ita ma ta sani. A kamfani kuwa laifin ana yayyanka shi ƙanana a raba wa mutum ɗari: mai sayo kaya ya ce araha aka ce ya nemo, mai haɗawa ya ce abin da aka ba shi ya zuba, mai gwaji ya ce takarda ta nuna daidai, manaja ya ce motoci na jira a ƙofa. Kowa ya koma gida ya ci tuwonsa hankali kwance. Ni dai ban yarda rabon ya rage wa kowa nauyi ba. Wanda ya gani ya yi shiru, nasa kason cikakke ne.

Amma fa shirun ma wani lokaci dole ake sa mutum, don lebura mai 'ya'ya biyar ba zai buɗe baki a kore shi ba. Kamfanin motoci na Toyota a Japan ya gane haka tun tuni, sai ya rataya igiya a saman layin aiki, aka ba kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantarsa, ikon ya ja ta in ya ga kuskure, shugaba ya zo da gudu, in bai gyaru nan take ba layin ya tsaya. Ba a cin mutuncinsa a kan haka. Kin ga wannan ba maganar girman jari ba ce, maganar ko mai gida ya yarda ya yi asarar yau ce. Ni kaina maɗaba'ar da ta buga min littafina na biyu, yaron da ke ɗinki ya ga shafi 16 sun juye, ya faɗa, aka ce ya yi aikinsa. Masu karatu kuwa ni suka zaga.

Da safe na koma wajen maƙwabciyata da niyyar magana, sai na tarar ta riga ni. Ta goge sabulun kaf ta mayar tukunya, ta ci bashin mai galan guda ta ƙara, ta aika wa uwar adashi a yi mata haƙuri zuwa mako mai zuwa, ta kuma sha gori a kan haka. Da ta farfaɗo, ƙaramin sikeli ta fara saya da littafi mai shafi 20, tana rubuta awo da kwanan wata. Yanzu duk haɗin da ta yi sai ta yanki guntu ta wanke kayan autarta da shi, sannan ta kira yara su ɗauki kwali.