Rufin Asiri Ko Cin Amana?

Shin ya halatta mutum ya ɓoye cutarsa da sunan rufin asiri, alhali ɓoyewar za ta halaka iyalinsa? Wannan tambaya ta fi nauyi game da ƙanjamau, domin mata da yara ne mafi rauni a gabanta.

Sau da yawa akan aurar da yarinya ga wanda ya girme ta nesa, kunya da talauci su hana ta neman a auna jininsa. Miji guda yana iya shafa wa matansa duka. Daga uwa kuma cutar kan kai ga jariri lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa: kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari in babu magani, ƙasa da kashi 5 in an sha magani.

Shari'a ta kwaɗaitar da suturta aibi, amma ta haramta cutarwa, kuma tsare rai yana gaba da tsare kunya. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Sai dai doka a ƙofar gida take tsayawa, tsoron Allah ne ke shiga ɗaki. Mai cutar ba abin ƙyama ba ne, amma wanda ya sani ya ɓoye wa matarsa ya ci amana.

Allah Ya kiyaye, amin.