Ruwan Rafi Na Wane Ne?

Ku 'yan makaranta, yau ga wata tambaya mun kawo muku, mai sauƙin faɗi, mai wuyar amsawa. In mutum ya tsaya a bakin rafi cikin kurmi, ba dogari ba alƙali, ba kuwa idon da ke ganinsa, shin akwai wanda ya ke da hakki a wuyansa game da ruwan nan? Ko kuwa ruwan nasa ne, tun da shi ke wurin, ya yi yadda ya ga dama da shi? Tambayar nan a ƙafa mu ka tsince ta, cikin kwaruruka na ƙasar Gashaka, saboda haka bari mu fara kai ku can tukuna.

Gashaka tana gabashin Nijeriya, cikin Jihar Taraba, a kan iyaka da Kamaru. Dā tana hannun Jamusawa, bayan da aka ci su a Kamaru cikin 1916 ta koma hannun Ingila, sa'an nan cikin 1961 mutanen yankin su ka jefa ƙuri'a su ka zaɓi zama cikin Nijeriya. Cikin 1991 aka haɗa dazuzzuka biyu aka yi babban gandun daji na Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane girma a ƙasar nan, gama ya zarce murabba'in kilomita 6,000. Can kudancinsa akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, watau ƙafa kusan 8,000.

Daga garin Serti mota kan kai mutum ƙauyen Gashaka, daga nan kuwa sai sanda da ƙafa. Da ka bar tudu ka gangara kwari, sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a jiki, don sanyi. Maɗatai sun haɗa kai sun rufe sama, gora da tukurwa sun tsare gefen ruwa, birai suna ta kururuwa suna ba 'yan'uwansu labarin baƙi. Hanya ba ta da abokin tafiya sai rafi. Ka ƙetare shi nan, ka yi 'yar tafiya, ka sāke ƙetare shi can, duwatsu da santsi, kowa yana lura da inda zai sa ƙafa. Surutu kan ƙare da kansa, har mutum ya fara jin abin da zuciyarsa ke faɗi.

Da rana ta take tsaka mu ka iso wani gurbi mai ruwa garau, ana ganin tsakuwar ƙasa. Sai ɗayanmu ya tuɓe riga, ya fid da sabulu zai wanke. Jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙasar, ya ce masa, "Malam, ɗebi ruwan ka koma gefe ka wanke, akwai masu sha a ƙasa." Abokinmu ya duba gabas ya duba yamma, bai ga ko bukka ba, ya ce, "Baba, su wane ne?" Dattijo ya ce, "Ban san su duka ba. Na dai san ruwa ba ya kwana inda ka gan shi."

To, bari mu bi ruwan nan mu ga masu sha. Ƙoramun duwatsun nan su ke taruwa su cika Kogin Taraba, shi kuma ya ratsa ta Bali ya faɗa Binuwai. Binuwai ya wuce Ibi da Makurɗi, ya gamu da Kwara a Lakwaja, su nufi teku tare. A tsawon hanyar nan akwai mace mai tulu, da masunci mai koma, da Bafillace mai shanu, da mai lambu a fadama. Ba ɗayansu da zai san sunanmu har abada, amma abin da ya wuce ta gabanmu yau shi za su sha gobe. Da yayyafi kogi ke cika.

Kuma kurmin kansa yana yi musu wani aiki da ba su gani. In ruwan sama ya sauko, ganye ke fara tare shi ya karya ƙarfinsa. Ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya shanye shi kamar soso, saiwoyi su riƙe ƙasa kada ta zaizaye, ruwa ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa kaɗan kaɗan har cikin rani. In aka sare itatuwan gangare aka ƙone ƙasa, sai ruwa ya kwararo gaba ɗaya da damina, ja wur da laka, ya tafi da ƙasar noma, da rani kuwa a bar mutane da tonon yashi. Ashe mai gatari a kan dutse yana iya sa ƙishirwa a gidan da bai taɓa takawa ba.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci, gama akwai magana a wancan gefe, kuma ba ƙarama ba ce. Manomi zai ce, "Ku da ku ka zo yawon shan iska da guzurinku a jaka, ku ne za ku hana ni sheme gona? 'Ya'yana ina ganinsu, yunwarsu ina jinta. Mutumin Makurɗi me ya taɓa ba ni?" Makiyayi ma zai ce in bai sa wa tsohuwar ciyawa wuta ba, sabuwa ba ta tohowa da wuri, shanunsa su rame. Lalle wanda ya ƙoshi ba ya rasa wa'azi. In mu ka ce kada kowa ya taɓa kome, mun ɗora wa talakan kan dutse nauyin mutanen birni, ba mu biya shi ko anini ba. Wannan ba adalci ba ne.

Ga yadda mu ke gani. Ruwan rafi amana ne da ke wucewa ta hannun mutum. Yana da ikon sha, ya shayar da dabbarsa, ya ba shukarsa, ba mai ce masa don me. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya miƙa wa na gaba abin da shi kansa ba zai yarda ya karɓa ba. Da bukata da ɓarna ba ɗaya ba ne. Wanda ya sari itace ya yi jinka ya biya bukata. Wanda ya zuba magimfa ko maganin ƙwari a gurbi don ya kwashi kwando ɗaya na kifi, ya kashe manya da ƙanana da ƙwai, ya bar wa na ƙasa guba, wannan ya yi ɓarna. Manomi yana iya yin gonarsa ya bar itatuwan bakin rafi a tsaye. Makiyayi yana iya sa wuta da farkon kaka, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, maimakon tsakiyar rani da za ta cinye kurmi. Na ƙasa kuma, tun da suna shan moriya, wajibi ne su ɗauki rabonsu na nauyin, ta hanyar Gwamnati a biya masu tsaron daji, a yi wa mutanen dutse hanya da makaranta da asibiti.

Ku lura kuma, ɓarna mafi girma ba kullum daga mai yunwa ta ke fitowa ba. Wajen 2014 zuwa 2017 an yi ta sarar madobiya a ƙasar Taraba ana lodi a manyan motoci, ana kai katakon ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje. Har cikin 2016 ƙasashen duniya su ka sa itacen cikin jerin waɗanda ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe sai da izini. Masu sara sun sami ɗan abin kashewa ya ƙare, riba mai tsoka ta tafi nesa, kututture ya rage wa masu ƙasa.

Saura ƙulli ɗaya. Sau da yawa a kan ce, kada ka ɓata wa na ƙasa, don kai ma akwai wani a samanka. Gaskiya ne, ramin mugunta a gina shi gajere. To, amma wanda ke can kan Chappal Waddi fa, inda ba kowa a samansa sai gajimare? Shi ke nan ya kuɓuta? A'a. Maɗacin da ya ke hutawa a inuwarsa ya girmi kakansa. Waɗansu mutane sun zo da gatari a kafaɗa tun ba a haife shi ba, su ka dube shi su ka wuce, ba su san wanda zai mora ba. Zamani ma rafi ne. Kakanni su ne na sama, jikoki su ne na ƙasa, kowane mai rai a tsakiya ya ke, ya karɓa daga waɗanda ba zai iya biya ba, sai dai ya biya ga waɗanda ba za su iya gode masa ba. A nan a ke sanin halin mutum, gama kirkin da sai an sa ido a ke yinsa tsoro ne kawai.

Ku da ke makaranta yau, gobe cikinku za a sami malamin daji, da malamin gona, da alƙali, da mai sa hannu a takardar izinin sara. Wata rana za a ajiye muku takarda da 'yar ambulan a ƙarƙashinta, ƙofa a rufe, ba mai gani. Ran nan kuna bakin wancan gurbi ne, da sabulu a hannu.

Saboda haka in hutu ya zo, ku nemi izinin iyaye, ku sami babba wanda ya san hanya, ku bi rafin garinku da ƙafa ku nufi inda ya fito. Ba sai kun je Gashaka ba. Ku duba inda itatuwa ke tsaye yaya ruwan ya ke, inda aka share kuma yaya. Ku kashe wutar da ku ka hura, ku komo da tarkacenku, ku tambayi tsofaffi yadda rafin ya ke zamanin ƙuruciyarsu. Gani ya kori ji.

Abokinmu dai ya ɗebi ruwa ya koma gefe ya wanke rigarsa. Masu sha a ƙasa ba su san an yi ba, ba kuwa za su sani ba. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.