Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Wata rana muna cikin jirgin sama, 'yata ta manna goshinta a jikin taga, ta juyo ta ce, "Baba, me ya sa tagogin gidanmu suke da kusurwa, amma wannan kamar ƙwai?" Na ce mata don ado ne. Na san ba gaskiya na faɗa ba, sai dai ban ga yadda zan gaya wa yarinya 'yar shekara 7, muna rataye tsakanin sama da ƙasa, cewa da rayukan mutane aka sayi siffar wannan taga ba.

Masu sha'awar tsofaffin jiragen Ingila, idan suna tuna baya, ba sa tsallake Comet. Kamfanin de Havilland ne ya ƙera shi, kuma shi ne jirgin fasinja na farko a duniya da ya yi aiki da injin jet maimakon farfela. Ranar 2 ga Mayu 1952 kamfanin BOAC, wanda dattawan Kano suka san jiragensa a filin jirginsu, ya tashe shi daga Landan zuwa Johannesburg da fasinja 36. Ba ya jijjiga kamar masu farfela, yana keta sama da gajimare, ga sauri. Ingila ta fito daga yaƙin duniya a talauce, sai ga abin da za ta ɗaga kai da shi a gaban Amurka.

Ranar 10 ga Janairu 1954 wani Comet ya tashi daga Rum, ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba. Mutum 35, babu wanda ya tsira. Aka dakatar da jiragen, aka yi musu gyare-gyare masu yawa bisa zato, domin ba a gano musabbabin ba. Kowace rana jirgi yana ajiye asara ce, ga mutuncin ƙasa. Ranar 23 ga Maris aka sake su. Kwana 16 bayan haka, ranar 8 ga Afrilu, wani ya sake tarwatsewa a tekun da ke kusa da Naples, da mutum 21.

Sai a lokacin aka tsaya. Sojojin ruwa sun ci gaba da tsamo tarkacen jirgin Elba daga ƙasan teku, ana kai shi cibiyar binciken jirage ta Farnborough, inda Sir Arnold Hall yake shugabanci, ana harhaɗa shi guntu-guntu. Aka kuma gina wani ƙaton tanki, aka saka gangar jikin wani Comet lafiyayye a ciki, aka cika da ruwa. Ana ɗura masa ruwa har ya kumbura kamar yadda matsin iska ke kumbura shi a sama, a sassauta, a sake, dare da rana. Da aka haɗa da tafiye-tafiyen da ya riga ya yi, a wajen zagaye na 3,000 jikinsa ya tsage. Ƙarfe ma yana gajiya. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san haka. Gajiyar tana taruwa ne a kusurwoyin kafofin da aka yanka a jikin jirgin, da bakin ramukan ƙusoshi. A jirgin Elba, tsagar ta faro daga wata kafa da ke rufinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. An yi zaman bincike a bainar jama'a ƙarƙashin Lord Cohen, aka buga sakamakon, kowa ya karanta, har da abokan gasa na Amurka. Kafin Comet 4 da aka gyara ya fara ƙetare tekun Atlantika a Oktoba 1958, Boeing 707 yana bakin ƙofa. A cikin watan nan shi ma ya fara. Comet 114 kacal aka ƙera gaba ɗaya, Boeing kuwa ya sayar da ɗaruruwa. A 1960 de Havilland ya shige cikin wani kamfanin. Na gaba ya faɗa rami, na baya suka ga ramin suka kewaye.

To, a nan tambayata take. Mu mutane ne da muka ɗauki rufin asiri da girma. Shi muke roƙo a addu'a, da shi muke yabon mutumin kirki, kuma mai tonon silili ba ya da daraja a unguwa. Ban ga laifin wannan ba. Al'ummar da kowa ke bankaɗa kowa ba ta zaunuwa. Amma kowane kuskure ne yake da haƙƙin a rufa masa asiri?

A ganina kuskure iri biyu ne. Akwai wanda ya tsaya a kan mai shi: talaucinsa, tuntuɓensa, abin kunyar da ya yi ya tuba. Wannan suturta shi mutunci ne. Akwai kuma wanda yake kwance a kan hanya yana jiran na baya. Wannan ya daina zama asirin mai shi, ya koma amanar waɗanda ba su iso ba tukuna. Mutum 21 na Naples ba muguntar kowa ce ta kashe su ba. Gaggawar a ce komai ya daidaita ce, alhali ba a san abin da ya lalace ba. Mai gini da ya san dalilin da benensa ya rufta ya yi shiru, da ma'aikaciyar jinya da ta gane maganin da aka rikita ta haɗiye maganar, ba asiri suka rufa ba. Rami suka rufe da tabarma.

Wani zai ce, ai ga sakamakon faɗin gaskiya nan, wasu suka ci riba. Haka ne, ba zan yi wa kowa alkawarin cewa gaskiya tana biya a kasuwa ba. Ba kuma zan mai da Turawan nan waliyyai ba, domin sai da aka yi asara sau biyu, kuma hukuma ce ta tsaya a kan binciken. Amma wanda ya ci ribar da gaske ba Boeing ba ne. Kowane alhaji ne da ya tashi daga Kano ya sauka Jidda lafiya, da 'yata mai goshi a jikin taga.

Wani kuma zai ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Na yarda. Sai dai yarda da ƙaddara magani ce ga zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba mayafi ba ce ga wanda aikinsa ne ya bincika. Wanda ya hukunta mutuwar shi ne ya ba mu hankalin tambayar yadda aka yi.

Akwai sharaɗi guda, kuma a wuyanmu yake. Binciken Cohen bai ɗora wa kowa laifin sakaci ba; ya tarar cewa ilimin zamanin ne bai kai ba. Har yau ƙa'idar binciken haɗarin jirgi a duniya ita ce a nemi dalili don kada a maimaita, ba a nemi wanda za a rataye ba. In muna son mutane su riƙa cewa "ga inda na kuskure", sai mun daina yi wa mai faɗin haka ature. Inda duk wanda ya amsa kuskure yake rasa aikinsa da mutuncinsa, mai musu kuma ya tsira, to mu ne muke koya wa mutane ƙarya. A rufa wa mutum asiri, a tona kuskuren. Ana iya haɗa biyun.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Comet ya yi nasa wankan a tankin Farnborough, duniya tana kallo. Yanzu 'yata ta girma, kuma ina da bashin amsa a kaina. Zan fara da gaya mata cewa a ranar nan ban faɗa mata gaskiya ba.