Nauyin Sa Hannu

Duk ranar Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta ci, nakan tsaya a bakin titin Gumel ina kallon tireloli maƙare da shanu. Kafin wani direban ya ja, sai ya zagaya yana ƙwanƙwasa tayoyi da guntun ƙarfe, yana kasa kunne. A da dariya abin yake ba ni, har sai da na karanta labarin wani jirgin alhazai.

Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Kwanaki kafin nan makanikai sun auna, sun ga iskar wasu tayoyi ta gaza ƙa'ida. Maimakon a ƙara iska, sai aka gyara alƙaluman takarda. Da safiyar tafiya aka nemi iskar naitirojin, ba a same ta nan kusa ba, jami'in da ke kula da aikin kuma bai yarda a makara ba. Tayoyi biyu suka fashe a titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin tare da wutar. Mutum 261, babu wanda ya tsira.

To, alhakin wa? Doka ta ɗora wa matuƙi hukuncin ƙarshe: jirgi ba ya tashi sai ya gamsu da lafiyarsa. Amma tayar jirgi da ta rage iska ba lalle ido ya gane ta ba, domin 'yar'uwarta na tallafe da nauyin. Abin da matuƙi ke iya dubawa shi ne sa hannun wani, kuma ba a gaya masa komai ba. A ganina, wanda ya gyara alƙalumma ya sace wa matuƙin damar cewa a'a, laifinsa kuwa ya fi na mai sakaci nauyi. Na sha jin ana cewa ƙaddara ce. Ban musa ba, sai dai ƙaddara ba ta riƙe biro.

Na so in ce sun yi caca ne da rayukan wasu, da na huta. Amma babban makanikin da jami'in da ya ƙi jira duk suna cikin jirgin. Sun san halin da tayoyin ke ciki, suka hau, suka ɗaura bel.